Motar da Ban San Mai Ita Ba

Mutum na farko da ya cuce ni a Amurka ɗan ƙasarmu ne, kuma da sallama ya fara. A filin jirgi ya hango ni da hijabina da jakar Gana-mas-go, ya taho yana washe baki, wai a Kaduna ya tashi, yana da ɗaki kusa da jami'a, in ba shi kafin alƙalami gobe ya kawo mini makulli. Na ba shi. Har yau da nake wannan rubutu goben ba ta yi ba. Daga ranar na ɗaure fuskata tamau, duk wanda ya yi mini murmushi sai na shafa jakata in ji ko tana nan.

Karatun kiwon kifi ya kai ni wata jiha a kudancin ƙasar, inda suke kiwon tarwaɗa a tafkuna masu faɗin gonar shinkafa. Mutanen Yelwa sun sha dariya da suka ji. Wai 'yar mai jirgin ruwa daga Wara, wadda ta tashi da ƙarnin kifi a zanenta, ita ce za ta haye teku a koya mata tarwaɗa. Maigidana, malamin sakandare ne a Yelwa, shi ya tsaya kai da fata sai na tafi. Shekararmu shida da aure ko ɓari ban taɓa yi ba, ya ce gara in je in huta da bakin mutane.

Inna kuwa nasiharta guda ce, kuma duk lokacin da muka yi waya sai ta maimaita: "Ke dai kak ki shiga motad da ba ki san mai ita ba." Tana da dalili. Yayana Garba an taɓa ɗauke shi a hanyar Kwantagora, sai da Baba ya sayar da injin jirginsa kafin aka sako shi. Da ya dawo ya ba mu labarin yadda suke aikinsu, ni kuwa na haddace shi tsaf. Ya ce abin da suke fara karɓa waya ce. Ba za ka taɓa jin sunan ɗayansu na gaskiya ba. Kuma wanda ya ɗauke ka ba shi ne zai riƙe ka ba, akwai inda za a tsaya a miƙa ka ga wani, kamar buhun masara.

Watannin farko kewa ta kusa kashe ni. Gari shiru, ba kiran salla, ba kukan injin jirgi da safe. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu daga nesa amma ba zai tambayi kwananka ba. Tarwaɗarsu ga ƙiba kamar cinyar mutum, ka soya ka ji kamar kana tauna auduga. Akwai wani direban bas da yake jirana idan ya hango ni ina gudu, na daɗe ina tunanin me yake nema a wurina, ashe haka yake yi wa kowa.

Ban daɗe da sauka ba na gane ashe da guzuri na taho. Ciki! Na zauna a ƙasan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Maigida kaɗai na faɗa wa. Inna kam ina zan iya buɗe baki in ce mata ina da cikin fari? Amma ta ji a muryata, don daga nan ta fara tambayata ko ina samun kunun tsamiya.

A lokacin nan ɗalibai sun cika harabar jami'a da alluna da ihu. Wata 'yar ajinmu ta tare ni tana bayani, wai kotu ta janye kariyar da mata ke da ita, jihar nan ta hana zubar da ciki kusan gaba ɗaya, in zo taro. Na dube ta sama da ƙasa. Na ce mata ni matar aure ce, shekara shida ina roƙon Allah ciki, me ya haɗa ni da masu zubarwa? Tun daga ranar in na hango su sai in canza hanya.

Cikin na da wata huɗu da 'yan kwanaki, ina bakin tafki muna awon kifi, na ji ruwa ya ɓalle mini. A asibiti aka ɗora mini na'ura a ciki. Likitan saurayi ne, yana magana yana kallon bango. Ya ce faya ce ta fashe, ruwan ya tsiyaye duka, jaririyar ba za ta rayu ba ko me aka yi, ni kuma ƙofa ta buɗe wa cuta ta shiga mahaifa. Na ce to a yi abin da ya kamata mana. Ya ce zuciyarta na bugawa tukuna, doka ba ta yarda ya taɓa ba sai rayuwata ta shiga haɗari ƙarara. In koma gida, in zazzaɓi ya rufe ni ko na ji wari, in dawo.

Na ce, "Likita, wato in je in fara mutuwa tukuna, sannan in dawo?"

Ya ce zai tuntuɓi lauyan asibiti. Lauya! Ni da na zo wurin likita.

Wata nas baƙar fata, babbar mace, ita ta zo cire mini allurar ƙarin ruwa. Ta sunkuyo kamar tana duba hannuna, ta yi ƙasa da murya. Ta ce, "'Yata, kar ki jira zazzaɓin nan. Jihar da ke arewa da mu za su karɓe ki. Gobe da safe mota ruwan toka za ta tsaya a ƙofar gidanki. Ki shiga." Ta manna mini filasta ta yi gaba abinta. Na bi ta da kallo. Me za ta ci a ciki? Ba ta san ni ba, ban san ta ba. Mun sha jin labarin masu cire wa baƙi ƙoda su sayar, kuma wa zai nemi baƙuwa irina in ta ɓace?

Na kira maigida na faɗa masa komai. Ya ce in ba shi lokaci. Ya je wurin malamin unguwarmu, ya sake kirana muryarsa a dashe. Ya ce malam ya ce in likitoci sun tabbatar ɗan ba zai rayu ba kuma ran uwa na cikin haɗari, uwa ake tsamowa. Ya ce, "Hadiza, ki tafi. Allah Ya ba mu, Shi Ya karɓa. Ke ki dawo mini." Bayan shi sai ga kiran Inna. Ta ce, "Ɗiyata, mi as same ki? Muryag ga taki ba daidai take ba." Na ce lafiya lau, mura ce. Ta yi mini addu'a, ta rufe da zancen motar da ban san mai ita ba.

Da gari ya waye na fara jin sanyi-sanyi a ƙashina. Na haɗa zannuwa a jaka, na ɗauko wuƙar da nake gyaran kifi da ita, wadda Baba ya wasa mini da hannunsa, na naɗe ta a ɗankwali na cusa a ƙasan jakar.

Motar ta zo. Wata tsohuwar Baturiya ce a ciki, da tabarau mai kauri, motar sai warin kare. Ban gama rufe ƙofa ba ta ce, "Kashe wayarki, 'yata." Na tuna maganar Garba. Na ce don me? Ta ce waya tana nuna inda mutum ya bi, kuma akwai masu neman kai irinsu kotu. Na kashe, amma na riƙe ta gam a hannu. Da muka ɗan yi nisa na ce, "Mama, yaya sunanki?" Ta ce ba sa ba da suna, ba sa tambayar suna, abin da mutum bai sani ba ba za a tatsa daga bakinsa ba. In kira ta Kaka kawai. Na ce a raina, Garba, ga biyu sun cika.

Na ci gaba da bugun cikinta. Wa ke biyan kuɗin mai? Ta ce mutane ne ke haɗawa, wasu duk wata, wasu su toya waina su sayar su kawo. Wasu ɗaki suke bayarwa ga matan da suka zo daga nesa, wasu su riƙe musu yara, wasu aikinsu zuwa majalisa su yi ta hayaniya har a gyara doka. Ita ba ta da komai sai mota da lokaci. Bayanin ya zo a jere sumul, ni kuwa santsinsa ne ma ya ƙara tsorata ni, don mutumin filin jirgi ma haka bakinsa yake. Ta miƙo mini gorar ruwa, na juya ta ina duba murfin ko an taɓa buɗewa. Na ajiye ban sha ba, ga maƙogwarona kamar an zuba yashi.

Muka wuce gari, muka wuce gonakin auduga, muka shiga daji, dogayen itatuwa hagu da dama, ba gida ba mutum. Tana tuƙi kamar mai kora jaki. Sanyin da nake ji ya koma makyarkyata, haƙorana suka fara haɗuwa. Ta kalle ni ta ƙara wuta kaɗan. Wajen azahar sai ta saki babban titi ta shiga wani gidan mai a tsakiyar dajin nan, ta kashe mota.

Ta ce, "Ni nan na tsaya. Idona ba ya kai ni nesa, kuma an cika ganin motata a kan iyakar jiha. Wancan zai ƙarasa da ke."

Na duba inda ta nuna. Wata a-kori-kura ce, da wani ƙato a tsaye gefenta, gemu har ƙirji, damatsansa duk zane-zane, ya ja hula ta rufe ido. Ya buɗe ƙofar baya yana shimfiɗa leda a kan kujera. Baƙar leda mai kauri. Yana bin gefe-gefe yana cusa ta a hankali, yadda ko ɗigo ba zai taɓa kujerar ba. Ni 'yar masu kifi ce, na san ranar da ake shimfiɗa leda irin wannan, ranar da za a feɗe abu ne.

Ban san ina da sauran ƙarfi ba sai da na gan ni a bayan gidan mata na gidan man, rungume da jakata, na danna sakata. Na zame na zauna a ƙasa. Jini ya fara zuwa. Na kunna waya ina kallonta. Wa zan kira? 'Yan sanda? In ce musu ina hanyar zuwa yin abin da jiharsu ta hana, ni baƙuwa mai bizar karatu? Maigida, ya yi mini me daga Yelwa? In na fita ga ƙato da leda, in na zauna ga zazzaɓi yana cin jikina. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan wuri ba.

Kaka ta zo tana bubbuga ƙofa, tana roƙona, tana cewa lokaci na tafiya. Na daka mata tsawa, na ce, "Ku matsa! Ina da wuƙa, kuma na iya ta!"

Can sai na ji muryar namiji, daga ɗan nesa da ƙofar, a hankali kamar mai lallashin akuya ta shiga jirgi.

"Madam, ki riƙe wuƙarki. Kar ki ba kowa. Ki zauna a bayana daidai wuyana, ki riƙe ta har mu isa. Wayarki ma bar ta a kunne in hankalinki zai fi kwanciya. In an zo kamu, ni za a kama."

Garba bai taɓa cewa suna barin mutum a bayansu da makami ba. A tsakiya suke saka ka. Amma ban buɗe ba. Na ce, "Ledar fa? Ta mece ce?"

Na ji takunsa ya matso kusa da ƙofar.

Ya ce, "'Yata aka faɗa wa abin da aka faɗa miki. A je gida a jira. Ni mai bin doka ne, na ce mu jira. Ranar da na ɗauko ta muka biyo hanyar nan, babu leda a motar. Tun daga nan har inda ta daina magana, abu ɗaya take ta faɗa, Baba yi haƙuri na ɓata maka kujera." Ya yi gyaran murya. "Ba na son wata mace ta sake ba ni haƙuri a kan kujera. Shi ke nan amfaninta."

Na zare sakatar. Kada wani ya ce wai na yarda da shi ne ɗari bisa ɗari, a'a. Na dai auna na ga wanda ke cikin jikina ya fi kusa da kashe ni. Kaka ta riƙe ni har mota, ta lulluɓa mini wani bargo mai gashin kare, ta sumbaci goshina. Na zauna a kan ledar, daidai bayansa, wuƙa a hannuna ƙarƙashin hijabi, idona a kan jijiyar wuyansa.

Shi kam gudu yake. Bai yi mini surutu ba, sai dai lokaci-lokaci ya ce, "Madam, kina ji na?" In ce ina ji. Na yi ta karanto duk abin da ya zo bakina. Wani lokaci in ga kamar a jirgin Baba nake, mun baro Wara ruwa ya yi faɗi ba a ganin gaɓa, sai gargadar titi ta dawo da ni. Na yi wa 'yar cikina magana da Hausa, na ce ta yafe mini, ba ƙinta na yi ba, Allah Ya sani. Da muka wuce wani babban allo a bakin titi ya ce, "Mun haye." Na ji ya sauke numfashi kamar shi ne marar lafiyar.

A ƙofar asibitin akwai mutane da alluna suna ihu. Wata mata ta matso jikin gilashi tana nuna ni, tana cewa kar in kashe ɗana. Ni! Da ina da ƙarfi da na fito mun yi ta, ta ji shekara nawa na yi ina shan saiwoyi da rubutu. Sai ga wasu sun taho da manyan lemomi, ba ruwa ba rana, suka kewaye ƙofar motar suka kare ni daga idon mutane. Ashe su ma nasu aikin ke nan.

Mutumin ya zagayo ya ce, "Ba za su bar ki ki shiga da ita ba." Na dubi wuƙar, na juya ta na miƙa masa ta wajen ƙota. Da aka ɗaga ni zuwa keken marasa lafiya na waiga na ga yadda na yi wa ledar kaca-kaca. Bakina ya buɗe da kansa, irin tarbiyyar gida. Ya ɗaga hannu da sauri.

Ya ce, "Kar ki faɗa."

Ban faɗa ba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Likitar da ta yi mini aiki ta ce cutar ta riga ta shiga, da an ƙara jinkiri da sai dai a cire mahaifar, in ma an same ni da rai. Musulman garin suka karɓi 'yata suka yi mata sutura. Wata mata da ban san sunanta ba ta ajiye ni a ɗakin ɗanta har na iya miƙewa, tana dafa mini shinkafa ba gishiri ba yaji. Duk da haka in zan kwanta sai na tokare ƙofa da kujera. Har gobe ban ga laifina ba. Wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa ba ya daina ƙirga alamu.

Da na koma makaranta na nemi 'yar ajin nan tamu da kaina. Na ce mata ra'ayina a kan abubuwa da yawa yana nan inda yake, amma dokar da za ta ce mace ta je ta fara ruɓewa kafin a taɓa ta, ba da ni ba. Na yarda aka karanta labarina a gaban 'yan majalisarsu ba tare da sunana ba. Ranar da suke sayar da abinci don tara kuɗin mai, na soya musu tarwaɗa da yajin da Inna ta daka mini. Turawa suna hawaye suna hura baki suna ƙara layi.

Sai da na dawo gida na faɗa wa Inna, muna zaune a tabarma a Wara, ana jiyo injinan jirage daga bakin ruwa. Ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shiga ɗaki. Baba yana daga zaure ashe yana ji. Tun daga makon nan akwai leda a naɗe da tsohon zane a ƙarƙashin bencin jirginsa, kuma in aka kawo mace daga tsallake tana zubar da jini ba ya jiran jirgi ya cika.

Bara Allah Ya sake ba mu, namiji. Ana gobe suna Inna ta kira ni gefe, jaririn na cinyarta.

Ta ce, "Mutumen nan mai leda, mi as sunanai? A yi mai takwara."

Na ce, "Inna, ban sani ba."

"Kinka shiga motar mutum, yac cece ki, ko sunanai ba ki tambaya ba?"

"Ba sa faɗa, Inna. Kuma ni a lokacin wuyansa nake kallo."

Ta shiga jijjiga yaron. Washegari liman ya raɗa masa sunan Baba, Usman. Amma Inna ba ta taɓa kiransa da shi ba, kuma yanzu duk Wara sun bi bakinta. Jiya ma ina jin ta a tsakar gida yana rarrafe zai nufi murhu, tana cewa, "Kai, Maimota, dawo nan!"